Zanga-zangar Agusta da 'Yan Sanda: Wa Zai Amsa Tambayar Jinin da Ya Zuba?

  Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan mun sa muku saboda waɗanda data ba ta isa su saurara, ko waɗanda sabis ke yi wa wasa, musamman 'yan uwanmu na ƙauyukan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. Ina yi muku magana ne daga nan Sabuwa, ana ta ruwa, masara ta yi kyau a gonakin da aka samu damar nomawa. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya ba mu zaman lafiyar cin abin da muka shuka.

Maudu'inmu shi ne zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda aka yi daga 1 zuwa 10 ga watan Agustan 2024, wadda aka sa wa suna #EndBadGovernance. Maganar da zan yi ita ce ta yadda 'yan sanda suka tunkari abin, da muhawarar da har yau ba ta mutu ba a majalisunmu da teburin mai shayi.

Da na sanar da maudu'in, wani abokina ya turo mini saƙon murya yana dariya. Ya ce, "Malam, kai da ɓarayin daji suka hana barci, me ya haɗa ka da tarzomar birni? Ka bar 'yan Kano da Kaduna su yi maganarsu." To bari in fara da ba shi amsa. Abu biyu ne suka haɗa ni da ita. Na farko, je ka Kano ko Zariya ko Kaduna ko Suleja, ka tambayi masu tura baro da 'yan ga-ruwa da masu acaɓa daga ina suke. Za ka sha mamakin yawan 'yan yankinmu. Rashin tsaro ne ya kore su daga gona ya kai su bakin titi. Duk ranar da aka buɗe wuta a titin birni, akwai uwa a ƙauyenmu da gabanta ke faɗuwa. Na biyu, rundunar da muke roƙo ta zo ta kare mu da daddare, ita ce dai rundunar da ke fuskantar yaran da rana. In amana ta karye a can, a nan ma ta karye.

To mu tuna abin da ya faru, domin mu Hausawa muna da saurin mantuwa.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuma ta haura kashi 40. Ba sai na gaya muku ba, kowa ya san nawa tiyar masara ta kai a kasuwar Dandume a wancan lokacin. Mu da ke noma ta ma sai da ta gagare mu.

Ranar Alhamis 1 ga Agusta mutane suka fito. A wurare da yawa an fara lafiya lau, da kwalaye da ganye a hannu. Kafin la'asar labari ya canza. A Kano aka fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa, NCC, wadda ko buɗe ta ba a kai ga yi ba, aka kwashe kaya aka cinna wuta. An shiga harabar babbar kotun jiha a sakatariyar Audu Bako an yi ɓarna. An fasa shaguna da rumbunan ajiyar kaya. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. A nan jiharmu, muƙaddashin gwamna a lokacin, Faruk Lawal Jobe, ya sa dokar awa 24 a Dutsin-Ma, sauran ƙananan hukumomi kuma daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe. Borno, Jigawa da wasu garuruwan Yobe duk an sa doka. Bayan 'yan kwanaki Kaduna da Zariya suka bi. Aka ga tutar Rasha a hannun yara, aka kama har da telolin da ake zargin su suka ɗinka ta.

Sai kuma maganar rayuka. A ƙarshen Nuwamban 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto, ta ce aƙalla mutum 24 jami'an tsaro suka kashe a jihohi shida: Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Borno da Neja. Rabinsu, mutum 12, a Kano ne, a wuraren Rijiyar Lemo da Ƙofar Nasarawa. Mutum ɗaya a Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina. Ta ce an tsare sama da mutum 1,200. Rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta yi nata binciken, ta ƙaryata rahoton, har ta nemi ƙungiyar ta janye shi ta ba da haƙuri. A gefe guda, kwamitin bincike da gwamnatin Kano ta kafa ya miƙa rahotonsa a farkon 2025, ya ce mutum 10 suka rasu a jihar, an kuma yi asarar dukiyar da ta kai kimanin naira biliyan 11.

Kun ga inda muke ke nan. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ƙarya ne. Amma su iyayen da suka yi jana'iza, su ba su da shakka a kan ko 'ya'yansu sun mutu.

Yanzu mu zo kan muhawarar. Tun daga lokacin na lura mutanenmu sun kasu gida biyu, kuma kowane gida ba ya son jin na ɗaya.

Gida na farko suna cewa: 'yan sanda sun yi daidai, ma sun yi sauƙi. Wani bawan Allah da ke da shagon kayan masarufi a Kano ya ba ni labarinsa. Shekara goma sha ɗaya yana tara jarin nan, daga tebur ya koma kwantena, daga kwantena ya kama shago. A yini ɗaya aka yi masa wasoso, har sikelin awo ba a bari ba. Ya ce da ni, "Ɗan uwa, kai kana maganar haƙƙin ɗan Adam, ni ba ɗan Adam ba ne? Ni na cire tallafin mai?" Wallahi ban sami abin ce masa nan take ba. Duk wanda zai yi maganar nan da gaskiya dole ya fara da yarda cewa an zalunci mutumin nan, kuma waɗanda suka zalunce shi talakawa ne 'yan uwansa. Irinsa ne ke cewa da ba don an harba bindiga ba, da Kantin Kwari da Singa ma ba su tsira ba.

Gida na biyu suna cewa: 'yan sanda makasa ne, an turo su ne su kare masu mulki. Suna nuna maka bidiyon yara kwance cikin jini. Suna tambaya, wanda ya ɗauki katan ɗin taliya, hukuncinsa kisa ne? Wanda yake tsaye a ƙofar gidansu harsashi ya same shi fa, shi me ya sata? Kuma suna da wata tambaya da mu 'yan wannan yanki muka fi kowa jin zafinta: ina motocin nan da harsasan nan suke shiga idan ɓarayin daji sun zo ƙauye sun yi awa uku suna kora shanu da mata?

Ni matsayina shi ne, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan uwansa da ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma kada mu tsaya a nan, domin cewa "kowa da laifinsa" hanya ce mai sauƙi ta rufe magana ba tare da an gyara komai ba. Laifin ba ɗaya ba ne, nauyin ma ba ɗaya ba ne. Ɗan daba da ya fasa shago mai laifi ne, doka ta san shi a haka, kuma ba da harajinmu aka saya masa adda ba. Ɗan sanda kuwa mu muka ɗauke shi aiki, muka ba shi kaki, muka ba shi bindiga, ya yi rantsuwa. Don haka ma'aunin da za a auna shi ya fi tsauri.

Me doka ta ce? Ku ɗan ba ni hankalinku a nan, domin yawancinmu muna ihu a kan 'yanci amma ba mu san inda yake a rubuce ba.

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar taruwa cikin lumana. Sashe na 33 ya ce kowa na da haƙƙin rayuwa. E, sashen ya buɗe ƙofa cewa ana iya amfani da ƙarfi don murƙushe tarzoma, amma ya ɗaure ta da sharaɗi: sai ƙarfin da doka ta yarda da shi, kuma gwargwadon abin da ya zama dole. Wannan kalmar "dole" ita ce zuciyar maganar. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga sun fayyace: ba a harba harsashi da nufin kisa sai in babu wata hanya ta ceton rai. Rai aka ce. Ita kanta rundunar tana da nata umarnin cikin gida, mai lamba 237, wanda aka sake wa fasali a 2019 don ya dace da wannan ƙa'ida.

Akwai kuma wani tarihi da ya kamata kowane matashin Arewa ya sani. A watan Satumban 2003, jam'iyyar ANPP ta Janar Muhammadu Buhari ta yi gangami a Kano, 'yan sanda suka tarwatsa shi da barkonon tsohuwa, suka ce ba a nemi izini ba. Jam'iyyu suka kai ƙara. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ba ya buƙatar takardar izinin 'yan sanda kafin ya yi taro ko gangamin lumana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa in an sanar da su, aikinsu ne su ba taron kariya. Kun ji ko? Su zo su tsare ku, kamar yadda suke tsare gangamin siyasa.

To a nan ne nake ganin aka yi babban kuskure a Agustan 2024. A kan titi a ranar, mutum iri uku ne. Akwai mai zanga-zanga da kwalinsa. Akwai ɓata-gari da ya zo da niyyar sata. Akwai ɗan kallo da mai wucewa, wanda ya fito sayen magani ko yaron da bai ma san me ake yi ba, ya ga taro ya bi. Ƙwarewar ɗan sanda ita ce ya raba ukun nan: ya kare na farko, ya kama na biyu, ya ba na uku hanya. Idan aka harba barkonon tsohuwa a kan kowa tun da safe, masu hankali da dattawa su ne ke fara komawa gida. Wa ya rage a titi? Masu zafin kai da 'yan daba. Ka ga da hannunka ka kori waɗanda za su iya tsawatarwa. Idan kuma aka kai ga harsashi na gaske a cikin unguwa mai cunkoso, harsashin bai san wa ya fasa shago ba.

A daidai wannan makon ne fa aka yi tarzoma a garuruwan Ingila, bayan kisan wasu yara mata uku a garin Southport. An ƙona motoci, an kai hari masallaci da otal-otal da 'yan gudun hijira ke ciki, an ji wa 'yan sanda da yawa rauni. An kama sama da mutum dubu, an yi ta yanke musu hukunci cikin kwanaki. Amma ɗan sanda bai harbe ko mutum ɗaya ba. Ban ce 'yan sandansu mala'iku ba ne, suna da nasu tarihin da baƙar fata. Abin da nake nunawa shi ne ana iya kashe wutar tarzoma da garkuwa, kulki, kyamara da kotu mai sauri. Tsauri da kisa abu biyu ne daban.

Sai maganar yaran kotu, wadda ta sa ƙasar nan duka ta sunkuyar da kai. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu da ƙananan yara da yawa, an kwaso su daga Arewa, sun yi kusan wata uku a tsare. Tuhumar har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Duk mun ga bidiyon: yara ƙasusuwa a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowane ɗaya. Yaron da ubansa bai taɓa riƙe dubu ɗari biyu tasa ta kansa ba. Da surutu ya yi yawa, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, aka janye ƙarar, mataimakinsa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

Mun yi murna da sakin, alhamdulillah. Amma ku lura da abin da ya fitar da su. Kyamarar waya ce. Da ba su faɗi a gaban 'yan jarida ba fa? Kuma in har akwai waɗanda suka yi sata da gaske a cikinsu, su ma sun tafi ba tare da an tantance ba. Wato mai shagon da na ba ku labari bai sami adalci ba, yaron da aka kama a banza shi ma bai samu ba. Kamun kan-mai-uwa-da-wabi haka yake ƙarewa: a zalunci marar laifi, mai laifi ya ɓuya a bayansa.

Zan kawo misali ɗaya da ya nuna ana iya yin daban. A Samaru ta Zariya, lokacin dokar hana fita, wani soja ya harbe yaro ɗan shekara 16. Rundunar soja ta fito ta amsa cewa sojanta ne, ta ce ta kama shi, manyanta suka je gidan suka yi ta'aziyya. Wannan bai dawo da yaron ba. Amma amsa laifi kaɗai ya sauke wani abu daga zukatan mutane. Abin da ke haukata jama'a shi ne su binne ɗansu da hannunsu, sannan su ji a rediyo ana cewa babu wanda ya mutu.

Yanzu bari in juya, domin ba na son wani ya ce na zo zagin 'yan sanda ne. Ina da yaya, ɗan wan babana, yana cikin 'yan sandan kwantar da tarzoma. Bayan abin ya lafa ya zo gida hutu, muka zauna a zaure bayan isha'i. Na ce masa, "Yaya, ku ba ku da tausayi ne?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ka taɓa tsayawa ku goma sha biyu a gaban mutum dubu, ana jifan ku da dutse, ba ka da garkuwa, ba ka da hular kwano, tun asuba ba ka sa komai a cikinka ba, abin da ke hannunka kawai bindiga ce?" Ya ce shi ma tiyar da nake saya ita yake saya, matarsa ma ta so fita zanga-zangar.

Maganarsa ta zauna mini. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai dubu ɗari huɗu ba, kuma a lokacin da yawa daga cikinsu suna gadin gidajen manya da riƙe wa matansu jaka. Wanda aka bari ga talaka ba shi da kayan aiki, ba shi da isasshen horo kan tarwatsa taro ba tare da kisa ba. Idan ka ba mutum mai tsoro da yunwa AK-47 ka ce ya tsare titi, ka riga ka rubuta abin da zai faru. Shi ya sa nake cewa tambayar ba ta tsaya kan kurtun da ya danna kunama ba. Wa ya tura shi? Wa ya ba shi harsashi na gaske maimakon na roba? Wa ya sa hannu a kasafin kuɗin sayen garkuwa da motar feshin ruwa, kuma ina kayan? Kuma mu riƙa tunawa, 'yan sandan nan ana kashe su a dazukanmu da hanyoyinmu. Su ma suna barin marayu.

To mu matasa fa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. An kira zanga-zanga a Facebook da TikTok ba tare da shugabannin da za a gani a ƙasa ba. Babu wanda ya tsara daga ina za a tashi, ina za a tsaya, ƙarfe nawa za a watse. Babu masu sa ido da za su kama ɓarawo a cikin sahu su miƙa shi. Muka bar yara 'yan shekara goma sha biyu a gaba, masu digiri muna gida muna ɗora bidiyo. Tutar Rasha kuwa kyauta ce muka miƙa wa masu neman hujjar kiran abin cin amanar ƙasa. Yaron da ke ɗaga ta, ka tambaye shi ina Rasha take a taswira.

Akwai kuma tsohon bashi. A Oktoban 2020, lokacin da matasan Kudu suka fito kan zaluncin SARS, da yawa daga cikinmu cewa muka yi ba ruwanmu, wasu ma suka yi gangamin goyon bayan SARS. Mun ce matsalarmu ɓarayin daji ce. Gaskiya ne ita ce matsalarmu, amma gemun ɗan uwanmu ne ya kama wuta ba mu shafa wa namu ruwa ba. Bayan shekara huɗu abin ya iso ƙofarmu.

Kuma mu a wannan yanki mun ɗanɗana tun kafin nan. A watan Yunin 2020, bayan kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan Faskari, gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta CNG ta yi zanga-zangar lumana a Katsina kan rashin tsaro. Abin da ya biyo baya shi ne aka kama jagoranta, Nastura Ashir Sharif, aka tsare shi a Abuja kafin daga baya a sake shi. Wata shida bayan nan, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka dawo da 344. A 2021 aka yanke mana layin waya a Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Dandume da wasu ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Mutanen da suka sha wannan duka, in suka tare hanya suna ƙona taya, me suke cewa? Suna cewa ne mun bi duk ƙofofi an rufe. Tare hanya ba daidai ba ne, mai naƙuda na iya kasancewa a motar da aka tare. Amma wanda ya zo da barkonon tsohuwa kawai, bai zo da kunnen sauraro ba, gobe ma zai dawo.

Ga dalilin da ya sa abin ya fi damuna a matsayina na ɗan Sabuwa. Yaƙin da ake yi da ɓarayin daji yaƙin bayani ne. Wa ke kai musu mai? Wa ke kai musu burodi da ƙwaya? Wa ke buga waya ya ce wane ya sayar da buhu hamsin yau? Mutanen gari ne suka sani. Mutum ba zai kai wannan sirrin ga wanda yake tsoro ba. Yaron da aka taka da takalmi a Kano, in ya dawo ƙauye ya ga abin da bai gane ba, caji ofis ne wuri na ƙarshe da zai nufa. Haka ma jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. 'Ya'yanmu ne, sun san daji, suna ba da ransu, muna yi musu addu'a. Amma su ma ma'aunin ɗaya ne: in aka kama wanda ake zargi, a kai shi gaban doka. Rikicin Hausawa da Fulani a yankin nan, kowa ya san yadda hukuncin kan titi da ramuwar gayya suka hura shi.

To me za mu yi? Ga abin da nake ganin yana hannunmu.

Na ɗaya, mu nemi a fitar da cikakken rahoton duk wani bincike a bainar jama'a, da sunayen waɗanda suka rasu da yadda suka rasu, a biya iyalansu diyya, a biya waɗanda aka fasa wa shaguna, a gurfanar da wanda ya yi harbi ba bisa ƙa'ida ba. Rundunar da ake zargi ba za ta zama alƙalin kanta ba. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da 'yan majalisar jiha, duk mu aika musu da wannan buƙata a rubuce.

Na biyu, mu san haƙƙinmu. Beli kyauta ne. Doka ta hana a kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema. A laifuffukan yau da kullum, wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Doka ta ce alƙalin majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata. Akwai hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Ka koya wa ƙanenka wannan kafin ya hau motar Kano.

Na uku, mu daina jiran sai wuta ta tashi kafin mu san DPO ɗinmu. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a a kowane yanki. Yawanci dattawa ne a ciki. Mu shiga. Mu zauna da hakimi, limamai, shugabannin kasuwa da na 'yan acaɓa, a yi yarjejeniya tun yanzu: in jama'a za su fito kuka, ga hanya, ga lokaci, ga wanda zai karɓi takarda.

Na huɗu, duk wanda zai kira mutane titi ya fito da fuskarsa, ya tsaya a gaba, ya hana yara shiga, ya sa masu riguna na musamman da za su tsare shagunan mutane. In ba za ka iya ba, kada ka kira.

Jama'a, a nan zan tsaya. Ina son jin ta bakinku a ƙasan wannan rubutu. In kana Kano, Katsina, Zariya ko Kaduna a ranakun nan, me idonka ya gani? In kai ɗan sanda ne ko ɗan gidan ɗan sanda, faɗa mana naka ɓangaren, ba sai ka sa sunanka ba. Sharaɗi ɗaya: ban da zagi, ban da sa hoton gawa ko sunan wani ba da izinin iyalansa ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, farar hula da masu kaki. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya kuɓutar da 'yan uwanmu da ke hannun ɓarayi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.